Darasi na Tara: Kwatanta Tsadar Riƙon Motar Dizal ta Hannu, Tsohuwar Ƙira da Sabuwar Ƙira, a Birnin Sakkwato

9.1 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin ire-iren insha'i, aka nuna cewa insha'in kwatanci shi ne wanda marubuci yake jera abubuwa biyu ko fiye, ya auna su da ma'auni guda, domin mai karatu ya ga inda suka yi tarayya da inda suka sha bamban. Wannan darasi zai ɗauki batu ɗaya daga harkokin yau da kullum ya bi shi daki-daki, domin ɗalibi ya ga yadda ake tattara hujja kafin a yanke hukunci. Batun kuwa shi ne: tsakanin motar dizal ta hannu mai tsohuwar ƙira da mai sabuwar ƙira, wacce ce ta fi cin kuɗin mai ita idan a Sakkwato yake zaune?

An zaɓi wannan batu ne saboda yawancin ɗalibai, idan aka ce su kwatanta kaya biyu, a kan farashin saye suke tsayawa, alhali kuwa farashi somin taɓi ne kawai. Bugu da ƙari, mota tana cikin manyan abubuwan da ma'aikaci yake ciyo wa bashi, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓi yakan shafe shekaru ana yankar albashinsa a kan abin da yake jingine a gareji.

9.2 Ma'anar Kalmomi

Motar hannu ita ce wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Idan daga ƙasar waje aka shigo da ita, akan kira ta 'yar Kwatano, saboda tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Benin da aka daɗe ana sauke irinta, ko Baljiyam, ko kuma tokumbo, kalmar da aka aro daga Yarabanci. Shi kuwa man dizal, direbobi sun fi kiran sa gas. Da zarar an haye iyakar Illela aka shiga Birnin Ƙonni sai a ji ana cewa gazuwal, aron da Hausar Nijar ta yi daga Faransanci. Ya kamata malami ya ja hankalin ɗalibansa ga wannan, domin gas ɗin direba daban yake da gas ɗin girki.

A wannan darasi, tsohuwar ƙira tana nufin motar da injinta yake aiki da famfon mai na ƙarfe zalla, ba tare da kwamfuta ba. Misalanta su ne Marsandi 200D da 240D waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da tsofaffin Hilux da Hiace, da Land Cruiser mai injin 1HZ wanda ya fito a 1990. Sabuwar ƙira kuwa ita ce mai injin da yake tara mai a bututu guda cikin matsi mai tsanani, kwamfuta tana raba shi ga nozul-nozul. Wannan fasaha ta fara shiga ƙananan motoci a 1997, ta bazu ta hanyar injinan HDi na Fijo da CDI na Marsandi da D-4D na Toyota. Daga 2009 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kusan kowace motar dizal ta zo da rariyar da ke tace toka a cikin salansa, daga 2014 kuma da yawa suka zo da tankin wani ruwa mai suna AdBlue. Wato ke nan tsufa a nan ba yawan shekaru kaɗai ba ne, har da irin injin.

9.3 Kuɗin Saye da Yadda Motar ke Isowa

Nijeriya ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, don haka tsohuwar ƙira ba ta zuwa daga waje ta halattacciyar hanya. Mai neman ta daga hannun wani yake saye a cikin gida, sau da yawa bayan ta ratsa hannu uku ko huɗu. Sabuwar ƙira ce take zuwa daga Turai, inda abin kunyar da ya auku ga kamfanin Volkswagen a Satumba 2015, lokacin da aka gano ya yi maguɗi a gwajin hayaƙi, ya zubar da darajar dizal a idon masu saye. Birnin Hambog na Jamus ya hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna a 2018, Situtgat ta biyo baya a 2019. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoba 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa.

A da, hanyar da ta fi sauƙi ga Basakkwace ita ce daga Kwatano a ratso Nijar a shigo ta Illela. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, sannan aka rufe iyakokin baki ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Motar da aka sauke a Legas kuwa sai an ɗora mata kuɗin kwastan da na tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso. Daɗin daɗawa, da dala ake sayen ta. A farkon Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Duk wannan a kan sabuwar ƙira ya fi sauka, shi ya sa ratar farashi tsakaninta da tsohuwa take da faɗi ƙwarai.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a jikin gilashi: la'adar dillali, canjin takardu, da gyaran farko. Wanda ya ga mota mai araha fiye da kima ya tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Takardar kwastan ta jabu tana iya jawo ƙwace motar a kan hanya, kuma agogon kilomita ba shaida ba ne, domin mayar da shi baya abu ne da aka saba yi.

9.4 Mai

A nan ne sabuwar ƙira take da rinjaye a zahiri, domin injinta yana ƙona mai sosai, ya fitar da ƙarfi mai yawa daga lita kaɗan. Sai dai girman wannan rinjaye ya dogara ga abu biyu, wato farashin lita da yawan tafiyar mai motar.

An daɗe da janye tallafi daga dizal, aka bar fetur da nasa har zuwa 29 ga Mayu 2023. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙananan motocin dizal ba su taɓa yawa a titunan Sakkwato ba, dizal ya zama man tireloli da gingimari da tarakta da injin niƙa da janareto. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar dizal ta tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800. A farkon 2024 ta haura 1,500 a wurare da dama, kafin matatar Ɗangote ta fara sayar da nata, ta sauke farashin sari zuwa naira 1,000 a watan Afrilu na shekarar. Sakkwato kuwa tana nesa da teku, kuɗin dakon tanka yana cikin kowace lita.

Ga misalin lissafi. Alƙaluman na koyarwa ne, ɗalibi zai iya sauya su da farashin ranar da yake rubutu. A ɗauka tsohuwa tana shan lita 9 a kilomita 100, sabuwa tana shan lita 6, ana sayar da lita naira 1,200, kuma sabuwar ta fi tsohuwar tsada da naira miliyan 6. Malamin da ke zaune a Mabera yana koyarwa a Farfaru, wanda bai wuce kilomita 6,000 a shekara ba, zai rage lita 180, wato naira 216,000. Sai ya yi kusan shekara 28 kafin ragowar mai ta biya masa ratar farashi. Ɗan kasuwar da ke yin kilomita 20,000 zai rage lita 600, wato naira 720,000, ya mayar da kuɗinsa a cikin shekara takwas da 'yan watanni. Direban haya mai zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Gusau ko Birnin Kabi, wanda ke cin kilomita 60,000, zai rage lita 1,800, wato naira 2,160,000, kuma bai cika shekara uku ba zai fanshe. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma amsa uku aka samu.

9.5 Gyara da Kayan Gyara

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne masu saye suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tsohuwar ƙira mai yawan ƙorafi ce. Yau lagireto yana yoyo, gobe kulochi ya cinye, jibi ƙafa tana ƙara. Amma kowace cuta tata sananniya ce ga makanikan Buzaye da na J. Allen, waɗanda da kunne suke gane ciwon inji tun mai motar bai buɗe baki ba. Famfonta ana kwance shi a gyara a mayar. Kayanta na hannu suna samuwa a gari, in an rasa a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. Kuɗin yana fita kaɗan-kaɗan, kamar yoyon tulu, mai ƙaramin albashi yana iya jurewa.

Sabuwar ƙira takan yi wata da watanni ba ta nemi komai ba sai juyen baƙin mai, amma ranar da ta kwanta, kwanciyar mai tsada ce. Dalilin yana cikin yadda aka gina injin. Matsin man da ke cikin bututunta ya fara daga ma'aunin bar 1,350 a injinan farko, ya haura 2,000 a na baya, kuma ramukan nozul ɗinta siraran gaske ne. Shi kansa man dizal shi ne yake sanya santsi a tsakanin ƙarafan famfo. Saboda haka ɗigon ruwa, ko ƙura, ko gaurayen kananzir, wanda tsohon inji zai haɗiye ya yi tari ya wuce, yana iya goge famfon sabuwa, ya watsa garin ƙarfe cikin nozul huɗu a lokaci guda. Mai irin wannan mota ba shi da damar tsayawa wurin 'yan bumburutu komai tsananin layi a gidan mai.

Akwai kuma matsalar farar wuta, wato salfa, da ke cikin mai. Tun 2009 Turai ta ƙayyade kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera motocin. A lokacin da wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahotonta a Satumba 2016, dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A Disamba na wannan shekara Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa 50, ƙungiyar ECOWAS ta tabbatar da wannan ma'auni ga dukkan ƙasashenta a 2020, aiwatarwa kuwa ta ɗauki shekaru. Motocin da suka daɗe a ƙasar sun sha wancan mai, kuma tabonsa yana cikinsu.

Sai rariyar hayaƙi. Aikinta shi ne kama baƙar toka, idan ta cika sai injin ya ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ya ƙone ta. Wannan ƙonawa ba ta kammaluwa sai motar ta yi doguwar tafiya da gudu madaidaici. Motar da aikinta shi ne kai yara makaranta daga Arkilla ko Runjin Sambo, a dawo a ajiye, ba ta samun wannan dama. Rariyar takan toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage ƙarfin injin har motar ta riƙa rarrafe. Abin lura a nan shi ne, mutumin da lissafin mai ya nuna bai ci ribar sabuwar ƙira ba, wato mai gajeriyar tafiya, shi ne kuma wanda wannan cuta ta fi kamawa.

Yanayin Sakkwato yana ƙara nasa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duka motocin biyu suna jin jiki, amma mai turbo da na'urori masu yawa ta fi saurin nunawa. Tazarar juyen mai da aka rubuta a littafin motar an tsara ta ne domin titunan Jamus ko Faransa, a nan dole a gajarta ta, kuma man da rariya take buƙata na musamman ne mai tsada. Gyaranta yana neman mai na'urar binciken kwamfuta, kuma ba kowane mai na'urar ne ya iya fassara abin da ta nuna ba. Idan aka yi rashin sa'a sai a shiga canjin kaya bisa kirdado, kowane canji da kuɗinsa. Wani kayan ma sai an jira shi daga kasuwar Ladipo a Legas. Ga direban haya, kowace ranar jira hasara ce da ya kamata a rubuta a cikin lissafi.

Da yawa sukan yanke shawarar a cire rariyar baki ɗaya, a daidaita kwamfutar ta manta da ita. Hakan yana sauƙaƙa wa aljihu, sai dai motar ta koma tana fitar da hayaƙin da aka ƙera ta don ta hana. A Yuni 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wannan tsada ba mai motar ne yake biya ba. Mai tallan da ke bakin titi da ɗan acaɓan da ke bayansa su ne suke shaƙa, kuma tsohuwar ƙira ta fi laifi a nan tun asali. Marubuci mai adalci ba zai tsallake wannan ba don kawai ba a iya ƙidaya shi da naira.

9.6 Takardu da Faɗuwar Daraja

Kuɗin takardu bai cika bambanta motocin biyu ba. Inshorar dole ta ƙananan motocin gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023, kuma ba ta duba shekarun mota. Cikakkiyar inshora ce take bin darajar motar, don haka ta sabuwa ta fi tsada.

Faɗuwar daraja ta fi wuyar ganewa. A ƙa'ida, tsohuwar mota ta riga ta gama faɗuwa, sabuwa ce take zubar da kuɗi kowace shekara. Amma bayan 2023 an ga mutane suna sayar da motar da suka hau shekara uku a kan nairori fiye da yadda suka saya, suna murnar sun ci riba. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta rage. Gwajin mai sauƙi ne: a tambaya ko kuɗin da aka karɓa zai sake sayen irin wannan mota, ko kuma buhu nawa na gero zai saya idan aka kwatanta da na ranar farko. Haka kuma miliyoyin da aka ɗaure a jikin mota da an sa su a ajiyar albasa ko kiwon ragunan layya da sun haifi wani abu, wannan ma hasara ce ko da ba a gan ta ba. Idan da bashi aka saya, ko na ƙungiyar ma'aikata ko ta hanyar murabaha a bankin Musulunci, ƙarin da aka ɗora yana cikin tsadar motar.

Ranar sayarwa kuma kasuwa ba ta yi wa kowa daidai. Tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ba ta rasa mai so, domin manoma da masu shiga ƙauyuka suna neman ta. Ƙaramar motar dizal ta Turai mai kwamfuta kuwa takan daɗe a hannun dillali, saboda masu saye suna tsoron gyaranta.

9.7 Yadda Hujjojin ke Kai wa ga Hukunci

Idan aka auna duka, mai gajeriyar tafiya a cikin gari ba shi da hujjar sayen sabuwar ƙira, hasali ma ƙaramar motar fetur ta fi dacewa da shi fiye da kowace dizal. Mai ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, inda mai tsabta da mai na'ura suke da wuyar samu, tsohuwar ƙira mai lafiyayyen inji ta fi masa kwanciyar hankali, matuƙar jikinta bai ruɓe ba. Ya dai sani cewa irin waɗannan motoci sun gaza ta fuskar kariya idan an yi haɗari, yawancinsu ba su da jakar iska, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar iyali. Sabuwar ƙira tana biyan kanta ne a hannun mai doguwar tafiya, wanda yake da gidan mai da ya amince da shi, da makanike masani, da ajiyar da za ta ɗauki babban gyara ba tare da an taɓa abincin gida ba.

Ɗalibi ya lura da cewa ba a ce wannan ta fi waccan kai tsaye ba, an ɗaure kowane hukunci da sharaɗinsa. Ya kuma lura da kalmomin da suka riƙe kwatancin, irin su amma, sai dai, alhali, kuwa, fiye da. A wajen rubutu ana bin Daidaitacciyar Hausa, a rubuta kuɗi ko da a baki kuɗɗi ake cewa a Sakkwato, in ban da inda aka kawo maganar dillali ko makanike kamar yadda ya faɗe ta.

9.8 Auna Fahimta

1. Sake yin lissafin da ke sashe na 9.4 da farashin dizal na wannan mako a garinku, sannan ka bayyana ko sakamakon ya sauya.
2. Me ya sa gajeriyar tafiya take cutar da motar dizal mai rariyar hayaƙi?
3. Ziyarci gareji mafi kusa ka tattaro kalmomi 20 na sassan mota, ka ware na aro daga na asali, ka nuna harshen da aka aro kowace.
4. Rubuta insha'i mai shafi biyu da ke kwatanta tsadar riƙon injin ban-ruwa mai amfani da fetur da mai amfani da hasken rana ga manomin fadama, kana amfani da ma'auni guda ga duka biyun.